Ranar da Mama Ta Yanka Dodona

Ga waɗanda yau suka fara biyo ni, bari in jera muku mu yadda nake jera yara kafin a shiga aji. Akwai Mama, tela ce, kekenta na ɗakin da ke kusa da ƙofar gida tun kafin a haife ni. Ba ta rasa ci ba, ba ta rasa masu kawo ɗinki ba. Abin da ta rasa shi ne amsar da za ta ba matan da take auna wa ƙugu idan suka ce, "Auta har yanzu shiru?" Akwai Yaya, wadda ta yi aure a bayan layinmu amma takalminta ya fi wuni a ƙofar Mama. Ita ba ta rasa komai ba sai haƙuri. Sai ni, Auta, malamar zane a makarantar firamare. Ni kuma abin da na rasa shi ne dodo guda mai rai.

Kada ku tsorata, a takarda nake nufi. Akwai wani kamfani mai yin katun da wasannin waya, suna ɗaukar masu koyon aiki, kuma ƙarshen makon nan za su rufe karɓa. Abin da suke so a tura musu shi ne halitta guda wadda babu ita a duniya, zanen hannu, a babbar takarda. Na daɗe ina gwaji. Wata mata da ta taɓa aiki a irin wurin tana duba mini ta waya, ina kiranta Mai Jan Biro, domin duk hoton da na tura mata sai ya dawo kamar an yi masa kaciya da ja.

Ita ta koya mini cewa dodo ba daga iska ake ɗauko shi ba, aro ake yi. Ki ari wuya a wurin wannan dabba, ki ari ido a wurin waccan, ki haɗa su yadda mai kallo zai yarda cewa abin zai iya tashi ya yi tafiya. Nawa na ƙarshe na ba shi wuyan raƙumi, idon hawainiya, ƙayar bushiya a gadon baya, ƙafafu da fukafukan jemage. Na sa masa suna Sha-Inuwa, domin inuwar bishiya yake sha ya bar mutane a rana. Da na tura mata shi tun yana fensir, sai ga saƙon muryarta:

"Hannunki ya faɗa, ba laifi. Na ji abin da yake ci. To me yake tsoro? Duk dodanninki haƙora ne da farce, babu wanda na san abin da ke hana shi barci. In ba ki san wannan ba, gunki kika zana."

Na saurari saƙon nan har na haddace shi, amsa dai babu. Dodo kuma da tsoro? Ai shi ake tsoro.

Yanzu sai Likita. Likitan dabbobi ne, dogo, mai magana a hankali kamar kullum yana lallashin doki. Matarsa ta rasu ta bar masa yarinya 'yar shekara shida, yana ce mata Kurciya saboda ba a jin muryarta sai an kasa kunne. Mijin Yaya ne ya haɗa mu. Ba zan ɓoye muku ba, mutumin ya kwanta mini. Matsalar ita ce Hajiyarsa, wadda ke riƙon yarinyar. Tun rasuwar uwar, Kurciya kan farka a firgice, shi ya sa Hajiya ta hana duk wani abin tsoro shiga gidanta, ko a talabijin ko a baki. Da Yaya ta ji haka, ba ta shawarci kowa ba ta ce musu, "Ai Auta furanni take zanawa, ita ke fitar wa Mama zanen aikin wuyan riga."

Tun daga ranar na zama malamar furanni. Sau nawa na ɗauki waya zan gaya masa gaskiya, sai Mama ta ce, "Ki bari a ɗaura tukuna, ba a nuna wa baƙo bayan gida ranar da ya zo." Ni kuma, Allah ya yafe mini, sai na mayar da shi littafin dabbobi.

"Likita, gwiwar jemage gaba take kallo ko baya?"

"Baya. Me ya haɗa malamar furanni da gwiwar jemage?"

"Yara ne suka tambaya."

"Yaran ajinki sun fi waɗanda muka yi jami'a da su tambaya. Ki gaishe su. Ke kuma kin ci abinci?"

Kun ga irin saƙon da ke sa mutum ya kifa waya a ƙirji yana murmushi, sannan ya ji kunyar kansa.

Ranar da za su zo gaida Mama, shi da Hajiya da Kurciya, ita ce ranar da na gama Sha-Inuwa. A takardar Mama na zana shi, irin mai kaurin nan mai ruwan ƙasa da take fitar da samfurin riga kafin ta taɓa yadi. Ita kaɗai ce takardar da ke da faɗin da nake so, kuma tana shan tawada ba ta huda ta baya. Da safe na sa layin ƙarshe, na shimfiɗa shi a ƙasan ɗakina a ƙarƙashin fanka, na danne kusurwoyin da kofi da takalmi. Na so in ɗauki hotonsa, amma ɗanyar tawada tana ƙyalli a hoto, sai na ce bari in dawo daga makaranta. Wannan "bari in dawo" ɗin ita ta ci ni.

Da na dawo na tura ƙofar ɗakina, sai na ɗauka gidan maƙwabta na shiga. Bangon da ke cike da dodanni daga sama har ƙasa ya zama fili, sai tabon gam nan da can. An rataya wata tsohuwar kalanda mai hoton furanni, an canza zanen gado, har turare an sa. Ƙasa wayam.

Yaya ta leƙo da tsintsiya a hannu. "Kin ga yadda ɗaki ya zama na mutane?"

"Yaya, ina zanena?"

"Suna cikin akwati a saman kabad. Ko ɗaya ban yaga ba, kada ki fara."

"Babban fa? Wanda na bari a ƙasa?"

"Mai wuyan nan kamar ya haɗiyi tabarya? Bai shiga akwati ba. Na kifa shi a cikin takardun Mama, nan ne babu mai dubawa."

Ban san lokacin da na ajiye jaka ba. Tun daga tsakar gida nake jin ƙamshin guga. Na tarar da Mama tana goge wata 'yar riga ruwan ƙwai mai tattara a ƙugu, da farin leshi a bakin hannu. Kyakkyawa ce, gaskiya. Da safen nan Yaya ta ba ta shawarar a yi wa Kurciya 'yar kyauta, ita kuwa Mama in ta tashi aiki ba ta duba komai sai alli da almakashi. Ta ja takardar da ke sama, ta ga bayanta wayam ba rubutu, ta zana samfurin rigar, ta bi layi.

Ba ta ɗago ta kalle ni ba, daga nan na gane ta riga ta sani.

"Suna ƙarƙashin tebur," ta ce.

Na durƙusa na jawo su. Gaban riga, a jikinsa kan Sha-Inuwa da rabin wuya. Bayan riga, ƙayar bushiya da ƙafafu. Hannu biyu, kowanne da fiffike guda, kamar da gangan aka auna. Sauran kuwa guntaye ne cikin zare da ƙura.

"Sai da na gama yanka na juya takardar, na ga ido yana kallona," in ji Mama. "Saura kaɗan in soke kaina da almakashi. Ke ma dai, wa ya ce ki riƙa zanen nan a takardar aikina?"

"Mama, ke kika ba ni."

"To na ba ki. Ki zana wani mana, ba daga kanki ya fito ba?"

"Mama, in aka yanka miki leshin amarya ana gobe biki, sai a ce ki saƙa wani?"

Ta ajiye dutsen guga. Na ga maganar ta shige ta, amma Mama ba ta iya ba da haƙuri da baki ba, sai dai ta ƙara maka nama a kwano. Ta ce, "Auta, kamfani zai sake buɗewa. Mutumin kirki ba kullum yake ƙwanƙwasa ƙofa ba. Tashi ki yi wanka."

Ina koya wa yara cewa in zane ya ɓaci ba a kuka, ana juya takarda ne. A ranar na gane ashe faɗa ya fi yi sauƙi. Na tura guntayen inda na same su, na shiga banɗaki na buɗe famfo don kada a ji ni.

Yaya ce ta zaɓa mini kaya, doguwar riga shuɗiya mai aikin zare a ƙirji, da mayafi ruwan toka. Ta kama hannuna tana dirza da lemon tsami da sabulu kamar tana wanke tukunya.

"Dubi hannun budurwa kamar na mai gyaran janareto."

"Yaya, da zafi."

"Aure ma da zafi, ki saba."

Tawadar ta fita, sai wadda ta maƙale a ƙarƙashin farcen babban yatsa. Ta ce in riƙa naɗe shi cikin mayafi.

Bayan la'asar suka iso. Hajiya farar tsohuwa ce mai gilashi, ba mai yawan fara'a ba amma ba ta da wulaƙanci. Likita ya sa farin yadi, ya zauna a bakin kujera yana juya makullin mota. Kurciya ta manne a jikin kakarta, idonta kawai ke yawo. Aka kawo ruwa da lemo, aka gaisa, aka sake gaisawa.

"An ce ke ce mai furanni," in ji Hajiya. "Wane fure kika fi son zanawa?"

Na buɗe baki, kaina babu fure ko ɗaya sai jemage. Yaya ta yi caraf ta ce, "Ai duka, Hajiya. Har wanda ba a taɓa gani ba tana zanawa."

Wannan kam ba ta yi ƙarya ba.

Mama ta kama hannun Kurciya ta kai ta ɗakin ɗinki a gwada rigar. Can ta dawo ita kaɗai tana cewa tsawon ya ɗan yi yawa, za ta kama bakin kafin su tafi, yarinyar na can tana kallon keke. Hira ta ci gaba, aka shiga maganar tsadar yadi da ciwon gwiwa. Sai da aka jima Hajiya ta ce, "Ina 'yar nan ta tsaya?" Mama ta ce in je in zo da ita.

Na same ta zaune dirshan a ƙasa cikin sabuwar rigar, bakin rigar duk fil. Ta jawo guntayen daga ƙarƙashin tebur ta jera su a gabanta. Ga yarinyar da ake ɓoye wa ko inuwar abin tsoro, ga haƙoran Sha-Inuwa a gaban gwiwarta. Na taka a hankali yadda nake yi in yaro ya hau taga.

"Kurciya, kawo in ɗauke, takardun banza ne."

Ta girgiza kai. Ta sa kan a sama, ta sa bayan a ƙasa, daidai. Amma fukafukan ba ta sa su a gefe yadda na zana su a buɗe ba. Da yake samfurin hannun riga ne, masu lanƙwasa, sai ta ɗora su a kan fuskar, ɗaya ta dama ɗaya ta hagu, ido guda kawai ke leƙowa ta tsakani.

"Ba nan ne wurinsu ba," na ce, halin malanta ya motsa.

"Nan ne," ta ce. Wannan ne karo na farko da na ji muryarta. "Ɓuya yake yi."

Na zauna kusa da ita, na manta da rigar Yaya. "Wa yake ɓuyar wa?"

"Baƙi."

"Ba ki ganin haƙoransa? Ai baƙin ne za su gudu."

"Shi ya sa. In suka gan shi za su tafi, ba za su dawo ba. Sai aka ce masa ya shiga ƙarƙashin tebur."

Na kalli takardar nan. Haƙoran suna nan, ƙayar tana nan, amma yanzu abin ya zama mai rai, har kana jin kamar numfashi yake a bayan fukafukan. Tambayar da Mai Jan Biro ta bar ni da ita ina ta juyi, ga 'yar shekara shida ta amsa ta da hannun riga biyu. Haushi ya kama ni, na rasa na wa: na Yaya, na almakashin Mama, ko nawa ni da na zana shi fukafukai a buɗe kamar mai tallan kansa. Amsa ta zo, amma sai da aka yanka dodon gida huɗu.

Na miƙa hannu in gyara fiffike guda, mayafin ya zame. Kurciya ta kalli farcena, ta kalli baƙin layin da ke takardar, ta sake kallon farcena. Sai ta matso ta jingina da ni.

A haka suka same mu. Hajiya a gaba, Mama a bayanta, Yaya da Likita a bakin ƙofa.

"Subhanallahi. Mene ne wannan a gaban yarinya?" in ji Hajiya.

"Takardar shago ce, Hajiya," in ji Mama da sauri. "Haka muke sayo su, wani lokaci da zane-zane a jiki."

"Wallahi kuwa," in ji Yaya. "'Yan kasuwa ba abin da ba sa naɗe kaya da shi."

Likita ya matso. Ya sunkuya ya ɗauki bayan rigar, inda ƙafafun suke, ya daɗe yana dubawa. Sannan ya ce, ba tare da ya kalle ni ba, "Ko waye ya zana, ya san gwiwar jemage baya take kallo."

Ban iya karanta fuskarsa ba. Ba murmushi, ba ɗaure fuska. Mama tana kallona da idon nan da ke cewa ki rufa mana asiri. Da na yi shiru, da maganar ta wuce a takardar shago, na sani. Amma yarinyar tana jingine da ni, ta ga farcena, kuma ni ce mai gaya wa yara kullum cewa kowa ya rubuta sunansa a ƙasan zanensa ko da bai yi kyau ba.

"Ni na zana, Hajiya," na ce. "Ba furanni nake zanawa ba. Irin waɗannan nake yi, kuma aikin da nake nema ke nan. Akwai cike da akwati a ɗakina."

Hajiya ta gyara gilashinta ta dubi Mama, ba ni ba.

"Da an faɗa mana tun farko, da ya fi," ta ce. "Ni zane bai dame ni ba kamar a ce mini fari alhali baƙi ne. Likita, tashi mu je. A cire wa yarinya rigar, kada fil ya soke ta."

Mama ta cire rigar. Aka yi sallama irin wadda ba a haɗa ido. Da motar ta bar ƙofar gida, Yaya ta juyo kaina.

"Kin huta? Kin zaɓi mai wuyan tabarya a kan likita. Sai ki aure shi, in ya so Mama ta ɗinke muku shi."

Mama ta koma ɗakin ɗinki. Ta zauna a kan keke ta kama bakin 'yar rigar da ba a tafi da ita ba, tana ɗinki kamar an ce gobe za a zo karɓa. Wannan ɗinkin ya fi faɗan Yaya ciwo.

Na tattara guntayen na kai ɗaki. Na ce ko ba komai zan manna su a sabuwar takarda yadda Kurciya ta jera, fukafukai a kan fuska, in bar layin almakashin ya fito, in tura wa Mai Jan Biro ta gani ko kamfanin zai karɓa a haka. Na shimfiɗa bayan, na ajiye hannu biyu. Na duba gaban rigar, babu. Na koma ɗakin ɗinki na ɗaga tebur, na zazzage kwandon guntaye, na leƙa bayan keke. Kan Sha-Inuwa ya ɓace, kuma ba kai ba dodo.

Ana kiran magariba wayata ta yi ƙara. Likita ne. Rubutu layi biyu:

"Hajiya ba ta ce komai ba tukuna, ni ma ina da tambayoyi, ba na jemage ba. Amma akwai mai son magana da ke."

A ƙasa akwai saƙon murya. Na kai wayar kunne, sai na ƙara sauti saboda muryar ƙanƙanuwa ce.

"Anti, kansa yana wurina. Na sa shi a cikin rigar da na zo da ita don kada ya ji ana faɗa. Na ajiye shi a ƙarƙashin filo, bai ci ni ba. In kina so ki zo ki ɗauka, amma ki zo da fukafukansa."

Ga ni nan zaune da fukafukai biyu a cinya. Kan yana gidan da ban san ko za a buɗe mini ƙofarsa ba, kamfani zai rufe ƙarshen mako, Mama kuma ta ce ƙafata ba za ta taka can ba sai an aiko. Mu manya kowa da abin da ya ɗauka a yinin nan, wani kunya, wani fushi. Ita Kurciya abin da ta gane guda ne: dodon ba mugu ba ne, a gidansu ne aka ce ya ɓuya.